Wace tawada mai ruwan hanta zan zuba wa alƙalamin Baba?

Malamar Tudun Wada ta rubuta:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, amma sai kun yi haƙuri da ni don sai na ɗan yi shimfiɗa.

Mahaifinmu ya rasu bara da azumi. Da aka zo raba kayan ɗakinsa, yayyena maza suka yi kan agogo da rediyo da manyan riguna, ni kuwa abu ɗaya na roƙa, alƙalaminsa. Parker 51 ne, irin mai shan tawada, jikinsa ruwan hanta, murfinsa farin ƙarfe, maƙalinsa kamar kibiya. In ka karkata shi wajen haske za ka ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa a Ingila aka yi shi. Baba akawu ne, ya fi shekara talatin yana aiki, kuma tun ina 'yar firamare nake ganin kibiyar nan a aljihun gaban rigarsa. Ba ya ba kowa aro. Ko Inna ce ta ce a ba ta abin rubutu, biro yake miƙa mata.

Duk rayuwarsa shuɗiyar tawada mai duhu yake zuba masa. Ni kuma raina ya kwanta a kan wadda za ta yi kala ɗaya da jikin alƙalamin. Ba ja wur irin na makin jarrabawa ba, ba kuma ruwan ƙasa ba. Kun san zoɓon da aka dafa ya yi kauri, ba a kai ga surka shi ba, ka zuba a kofin gilashi ka ɗaga wajen taga? To ita. Turawa suna ce mata burgundy.

Na riga na yi wauta sau ɗaya. Na shiga wani kantin littattafai a Sabon Gari na ce a ba ni jar tawada, aka miƙo mini wata 'yar kwalba da ban ma iya karanta rubutun jikinta ba. Allah ya taimake ni ban zuba a na Baba ba, a wani alƙalami mai araha na gwada. Ta fito ja zur. Na rubuta wa wata abokiyar aikina 'yar takarda da ita, ta biyo ni ofishin malamai tana dariya, wai Malama laifin me na yi kike mini maki? Da na koma gida sai na ce bari in yi dabara, na tsiyayi kaɗan a murfin kwalba ina ɗiga mata baƙa ɗigo-ɗigo. Ta koma kalar ruwan kududdufi. Da gari ya waye na tarar wani gari-gari ya kwanta a ƙasan murfin kamar tsakin kunu.

Yanzu ƙanwata za ta zo hutu daga Manchester ƙarshen shekara, ta ce in faɗa mata abin da nake so, kwalba ɗaya ko biyu. Dama ɗaya ke nan, ba na son in ɓata ta. Wacce zan ce ta sayo? Kuma jar tawada ba za ta lalata tsohon alƙalami ba? Na ji ana cewa tana daskarewa a baki, mu kuma ga hunturu na tafe.

Sai abu na ƙarshe, kada ku yi mini dariya. Da muna duba sunayen a waya ni da maigida, muka ga Merlot, Syrah, Bordeaux. Ya ce duk sunayen giya ne waɗannan. Wata kuma Oxblood, wai jinin sa. Ni kuwa har addu'o'i nake kwafa a wani littafi nawa. Akwai wani abu a ciki ne, ko suna ne kawai?

Takardar da nake amfani da ita ba wata ta musamman ba ce, littafin rubutu na 'yan makaranta da farar takardar fotokwafi.

Tsohon Akawu ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan.

'Yata, ajiye maganar tawada tukuna, ba a kai nan ba. Wanki ne farko.

Murɗe gangar jikin ki cire. In kika ga wani kwanson ƙarfe da ɗan maballin da ake matsawa, da wata jaka mai garai-garai a cikinsa, to naki irin wanda aka fara yi daga 1948 ne. Na farkon, na 1941, ta gindi ake danna shi. Ki duba jikin kwanson, an zana yadda ake cika shi, galibi cewa suke a matsa sau huɗu. Jakar nan ba irin robar tsofaffin alƙaluma ba ce da ke bushewa ta farfashe, shi ya sa za ki ga na shekara saba'in yana aiki kamar jiya aka saye shi.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Kin ga bakin nasa a lulluɓe yake, ɗan tsinin kawai ke leƙowa. A ƙarƙashin lulluɓin akwai wani abu mai tsaga-tsaga kamar haƙoran mataji, sirara ƙwarai, yana riƙe tawada da yawa. Shi ne dalilin da ya sa da kin ɗora shi kan takarda yake kama rubutu ba gardama, shi ne kuma dalilin da ya sa babu alƙalamin da ya kai shi wuyar wanki. Shuɗin da mahaifinki ya zuba shekara da shekaru yana nan a maƙale.

Ki samu ruwan leda, mai sanyi irin na ɗaki, ki zuba a kofi. Ki tsoma bakin, ki matsa, ki saki, ki jira jakar ta sha, ki matse a wani wuri. Ki yi ta yi har hannunki ya gaji. Da dare ki cika shi da ruwa ki tsayar da shi a kofi, baki a ƙasa, ruwan ya rufe lulluɓin kawai. Da safe za ki ga ruwan ya koma shuɗi kamar ba ki yi komai ba jiya. Kada ki karaya, haka yake. Kwana uku, wani har mako. In ruwa ya fara fita fari, ki naɗe bakin da tishu ki tsayar da shi ya kwana, tishun zai jawo sauran. Ɗigo ɗaya na sabulun ruwa na wanke-wanke a cikin kofi ba laifi, amma ki ɗauraye sosai bayansa.

Ban da ruwan zafi. Ban da sifirit. Ban da bilic. Kuma kada wani mai gyaran agogo ya ce zai murɗe miki lulluɓin ya wanke ciki, liƙe shi aka yi, sai an ɗumama shi da dabara yake sakewa. Wanda bai sani ba zai tsaga shi, kuma ba za ki samu wani a nan kusa ba.

Ra'ayina kuwa, tunda kin tambaya: ki bar shi da shuɗinsa. Ja tana rina jakar nan, ba ta fita. Ba ta hana shi aiki, amma ta rinu ke nan. In kuma kin dage, to ki zaɓi guda ɗaya ki zauna a kanta. 51 ba ya son kishiya, yau wannan kala gobe waccan ba nasa ba ne.

Sannan ki kiyaye da takardun ofis. A zamaninmu kowace kala da mai ita, ƙaramin ma'aikaci bai isa ya sa ja a fayil ba. Ruwan hanta a idon mai duba fayil ja ce. Fom da takardun banki da duk abin da za ki sa hannu na hukuma, shuɗi ko baƙi.

Mai Kwalabe Arba'in ya amsa:

Anti Malama, sannu da haƙuri, Allah ya gafarta wa Baba.

Duk abin da Baba Akawu ya faɗa kan wanki ki riƙe shi da hannu biyu, ba ni da abin ƙarawa. Amma maganar a bar shi da shuɗi, Baba, Allah ya ƙara girma, a nan na ɗan saɓa. Jakar da ta sha shuɗi shekara talatin ai ta riga ta rinu. Kuma wa ke ganin ta, in ba an buɗe ba?

Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne, ruwan hanta ba kala ɗaya ba ce. Ja ce mai duhu, amma duhun daga ina ya zo? Wata ta karkata wajen ruwan ƙasa, wata ta karkata wajen shunayya. A hoton waya duk ɗaya za ki gan su, a takarda kuwa kamar ba dangi ba.

Tunda ƙanwarki a Manchester take, Allah ya kawo miki sauƙi, domin kamfanin Diamine a Liverpool yake, maƙwabta ne, kuma tun 1864 suke wannan sana'a. Tawadarsu tana cikin masu araha a can. Oxblood ɗin da kika ambata tasu ce, ita ce mai karkata wajen ruwan ƙasa. In ta bushe kamar busasshen jini take, ko lallen da ya kama sosai ya kwana biyu. Tana da kyau ba kaɗan ba, ita na fi ƙararwa, amma ba zoɓo ba ce. Zoɓon da kika kwatanta Syrah ne, ja mai duhu da ɗan shunayya a ƙarƙashi. Merlot ta fi ta shiga shunayya. Suna da Red Dragon, wadda ja ce sosai, ina tsoron kada abokiyar aikinki ta sake biyo ki. Akwai Writer's Blood, duhu gare ta, ga ta da gudu a alƙalami, ta fi son takarda mai kyau, don haka da takardar fotokwafi ban ba ki shawararta ba.

In aka bar Ingila, Montblanc suna da wadda sunanta ma Burgundy Red, kwalbar mil 60. Kalarta a natse take, kamar an ɗan yayyafa mata ƙura, irin ta manya. Sai dai kuɗin kwalba ɗaya zai sayo miki Diamine da yawa, ni dai ban ga dalilin farawa da ita ba. Rohrer & Klingner na Jamus suna da Alt-Bordeaux, ita ma ba ta da hayaniya. Mutane za su ce miki Yama-budo ta Pilot, daga Japan, ma'anar sunan inabin dutse. Kyakkyawa ce ta ƙarshe, amma ta bar hanta ta koma kalar furen kanti, kada ki saya da sunan burgundy ki zo kina jin haushina.

Abu biyu za su canja miki kalar ko da kin zaɓi daidai. Na farko kaurin bakin alƙalami. Yawancin 51 bakinsu siriri ne ko matsakaici, kuma a siririn layi tawada mai duhu takan ƙara duhu, har wani ya ɗauka baƙa ce sai ya matso. Hotunan da kike gani a intanet da auduga ake shafa su ko da faffaɗan baki, ba haka rubutunki zai fito ba. Na biyu takarda. Takardar fotokwafi shanye tawada take nan take, kalar ta dushe, gefen baƙaƙen ya yi gashi-gashi, wani lokaci ta ɓullo ta baya. A takarda mai santsi irin Rhodia tawadar zama take a sama ta bushe a hankali, sai ki ga harafi ɗaya kansa da haske ƙafarsa da duhu. Wannan abin ne ya sa muke asarar kuɗinmu.

Shawarata: ta sayo ƙananan kwalabe biyu na mil 30, Syrah da Oxblood, maimakon babba ɗaya ta mil 80. Ƙananan na roba ne, ba sa fashewa a akwati, amma duk da haka ta ƙara murɗe murfin ta sa a leda mai zif. Mil 30 zai cika miki alƙalamin nan aƙalla sau ashirin. Ki fara gwada su ta tsoma bakin wancan mai arahar, a kan takardar da kike amfani da ita kullum, ki bari su kwana, ki duba da rana ba a hasken ƙwan lantarki ba. Wadda ta ci, ita za a ɗaura wa 51 aure da ita, kamar yadda Baba Akawu ya ce.

Maganar daskarewa gaskiya ce. Ja da ruwan goro sun fi kowace kala yin ɓawo a bakin alƙalami, saboda rininsu yana da yawa, in ruwan ya tashi sai ya bar shi kamar kanwa. Na taɓa barin wani alƙalamina mai sakakken murfi da wata ja, ba zan kira suna ba, na yi tafiyar mako biyu cikin Janairu. Na dawo na tarar bakin ya yi tsiro kamar gishirin da ya sha iska. Ruwa kawai na sa ya narke. A 51 abin da sauƙi, lulluɓin nan maganin bushewa ne, muddin kina rubutu da shi ko layi biyu ne kullum, kina kuma rufe shi da kin ɗaga kai.

Haɗin da kika yi kuwa, kin yi sa'a da kika bar shi ya kwana a murfi. Tawada biyu daga kamfani daban-daban, wata mai tsami wata mai kanwa-kanwa, in suka haɗu rinin yakan tsinke ya kwanta. Da a cikin alƙalami ya kwanta, da yanzu wani labarin ake. Kuma ba baƙa ake sa wa ja don a samu hanta ba, shuɗi ake ɗiga mata kaɗan.

Gardin Yerwa ya amsa:

Salamu alaikum. Allah ya yi wa mahaifinki rahama, Malama.

Ni ba masanin waɗannan kwalabe na Turawa ba ne, da alƙalamin kara na tashi, sai daga baya na fara taɓa na zamani. Amma zan ce wani abu kan suna, da wani abu kan tawadarmu ta gida.

Burgundy sunan wani yanki ne a Faransa, babban garinsa Dijon, an san shi da noman inabi, kalar abin da suke matsa daga inabin ita ta ba wa launin suna. Bordeaux ma gari ne. Merlot da Syrah sunayen irin inabi ne tun kafin a yi komai da su, kamar mu ce kaura da farfara a dawa. Tawadar alƙalami irin wannan ruwa ce da rini, da ɗan abin da ke sa ta gudu, da maganin hana ta yin funfuna. Oxblood ba jini a ciki, kamar yadda in kin ce atamfa ruwan hanta ba ki nufin an matse hanta a kai. Sai dai ki sani akwai wani kamfani a Jamus, De Atramentis, da ke yin wani jeri na musamman da ainihin giyar, kuma ba ɓoyewa suke ba, da haka ma suke tallarsa. Wannan ki bar musu kayansu. Ban ba da fatawa ba, abin da ke cikin kwalba na faɗa. In zuciya ba ta natsu ba a tambayi malamai.

Ja a littafin addu'a kuwa ba baƙon abu ba ne. Ki buɗe kowane Alƙur'ani rubutun hannu na ƙasar Barno ko Kano, baƙaƙen da baƙar tawada, wasullan da ja, hamza da ɗorawa. Kakanninmu sun daɗe da sanin ja mai duhu tana hutar da ido a kan takarda mai ruwan madara.

Gargaɗina ɗaya. Kada wani ya ce miki ga tawadar gargajiya mai kyau ki zuba. Tamu da ƙaro ake haɗa ta, shi ke sa ta kama allo da takarda ta yi sheƙi. Ƙaron nan in ya shiga siraran hanyoyin da Baba Akawu ya kwatanta ya bushe, ya zama danƙo, an gama. Haka tawadar hatimi ta ofis, haka ta injin buga takardu, haka tawadar zane da ake tsoma alƙalami a ciki. Na kashe alƙalami guda da hannuna kafin in gane. Zoɓon kansa ma na gwada a kara, don wasa. Yana fita ja, kafin ya bushe ya koma shuɗi-shuɗi mai toka, bayan kwana kaɗan wanda ya rage a kwalba ya yi tsami.

In da Larabci ko ajami kike kwafar addu'o'in, ki lura da hannunki. Daga dama muke farawa, gefen hannu yana bin bayan abin da aka rubuta yanzu. Tawada mai yawan rini ba ta bushewa da wuri. Ki riƙe hannun a ƙarƙashin layi, ko ki shimfiɗa wata takarda a ƙarƙashinsa.

'Yar Maraɗi ta amsa:

Yaya Malama, ina yi miki ta'aziyya, Allah shi jiƙan tsoho.

Mu nan da muka yi lakkwal, wato makarantar boko, ta Faransanci, in ƙanwarki ta faɗa kantin da kayan Faransa suke, kada ta nemi burgundy, ba za a gane ba. Su Faransawan da kansu bordeaux suke ce wa wannan kala. Abin dariya, Ingilishi sun ɗauki sunan wani yanki, masu ƙasar sun ɗauki na wani.

Ba wanda ya ambaci Herbin, kuma a ganina ita ta fi dacewa da tsohon alƙalami. Gidan tawada ne na Paris da ke ƙirga tarihinsa daga 1670. Suna da Rouge Grenat, ja mai duhu, sunan wani jan dutse na ado ta ci. Tawadarsu ta yau da kullum ba ta cika rini ba, ruwa-ruwa take, saboda haka wankinta ba wuya. Wanda ya saba da mai kauri zai ce ta yi salam, amma ga alƙalamin da wankinsa ke cin mako, wannan ba aibi ba ne. Sai dai ki kula, suna da wani jeri mai lambar 1670 a jiki, cikinsa akwai Rouge Hématite, ja mai ƙyalƙyalin zinariya. Ƙyalƙyalin nan gari ne na gaske ke yawo a ciki, sai an girgiza kwalba. Kada ya kusanci alƙalamin tsoho, ko ta kowane kamfani ce.

Takarda kuma, ba sai kin jira daga Turai ba. In kina da mai zuwa Maraɗi ko Yamai, ki ce ya dubo miki kaye, wato littafin rubutu, mai layin Seyès irin na makarantun Faransa, wanda takardarsa ta kai giram 90, irin Clairefontaine. Don alƙalamin tawada aka yi su, da shi yaran Faransa ke koyon rubutu. Ki ce ya shafa takardar da yatsa, in ta yi santsi ita ce.

Abin da ba a gaya miki ba shi ne ruwa. Kusan duk waɗanda aka lissafa miki ba sa jure shi. Ni a asibiti nake aiki, na taɓa rubuta lissafin adashinmu da irin wannan kala, watan Afrilu, zufa ta ɗigo daga goshina kan shafin, sunan mutum biyu ya narke ya zama fure. Sai da aka yi ƙaramar rigima kan wa ya zuba wa bai zuba ba. Tun ranar abin da ya shafi kuɗi da bik, wato biro, nake rubuta shi. Littafin addu'a da ake ɗauka bayan alwala, hannu da danshi, ki yi tunani. Rana ma tana cin ja fiye da sauran kaloli, shafin da aka bari a buɗe kusa da taga zai kwashe. Kwalbar ki bar ta a kwalinta, cikin durowa. Alƙalamin kuma kada ki bar shi a mota da rana, iskar ciki tana kumbura ta turo tawada cikin murfi, ki buɗe ki ɓata mayafi.

Idan dole sai mai jure ruwa, akwai masu sinadarin ƙarfe, irin Cassis Black ta Platinum, da ke fita ja-ja sannan ta yi duhu a gaban idonki, ko Scabiosa ta Rohrer & Klingner, wadda ta fi kusa da shunayya mai toka. Malam Gardi zai gane su, dangin haɗin bagaruwa da ƙarfe ne da dukawa ke baƙanta fata da shi. Amma suna son wanki a kai a kai, ni ba zan sa su a 51 ba. A mai arahar, to.

Kuma wancan farin alƙalamin gogewa da muka saba da shi a lakkwal, shuɗi kaɗai yake ci. A kan ja ba ya komai sai ɓata takarda.

Tsohon Akawu ya sake amsawa:

Mai Kwalabe, na karɓi gyara kan jakar. Amma arba'in, ɗana? Mu kwalba ɗaya ta Quink, tawadar kamfanin Parker, muke saya, sai ta ƙare a sayo wata. Allah ya shirya mana ku.

'Yata, in kin fara wankin ki dawo ki gaya mana kwana nawa ya ci.

Malamar Tudun Wada ta dawo:

Salamu alaikum. Ku gafarce ni da na yi shiru, sai da kaya suka iso na ce zan dawo da labari. Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Baba Akawu, kwana tara. Kullum da asuba in tarar da kofi ya yi shuɗi, har 'yata ƙarama ta fara tambaya ko alƙalamin Kaka kuka yake. A rana ta tara tishu ya fito fari tas, na ce to an gama.

Ƙanwata ta kawo Syrah da Oxblood, ƙananan, ta ƙaro da littafin Rhodia guda daga aljihunta. Herbin ba ta samu a kantin da ta je ba, 'Yar Maraɗi, amma tana raina, kuma na ba wani direban da ke zuwa Jibiya saƙon kaye. Na gwada su yadda aka ce, layi uku-uku a takarda iri uku, na bar su suka kwana, na fito da su tsakar gida da hantsi, na ɗora alƙalamin Baba a tsakiya, na kawo kofin zoɓo na ajiye a gefe. Maigida yana ta kallona ta taga bai ce komai ba.

Ashe abu biyu nake nema ban sani ba. Syrah ita ce zoɓon, ba ko tantama. Amma jikin alƙalamin ba kalar zoɓo ba ne, ya fi kusa da Oxblood, musamman a takardar fotokwafi inda ta ɗan dushe. Duk shekarun nan a kaina kala ɗaya ce. Na yi kwana biyu ina jujjuya takardun, daga ƙarshe na ba 51 Oxblood, Syrah ta tafi mai arahar, da ita nake rubuta shirin darasi. Abokiyar aikin nan tawa ta gani ta ce wannan kam ba maki ba ne, har tana tambaya ko akwai saura.

Na matsa sau huɗu kamar yadda aka zana a jikin kwanson, na goge lulluɓin, na buɗe shafin farko na sabon littafin na rubuta bisimilla da sunan Baba da ranar da ya rasu. Sai rubutun ya fito shunayya. Ba hanta ba, ba shuɗi ba, wani abu a tsakani, mai duhu. Na ɗauka kwalbar aka canja mini, na tsoma tsinken ashana a ciki na shafa a gefe, ja ce lafiya lau. Sannan na gane sauran shuɗinsa ne da kwana tara ba su fitar ba.

Na san abin da za ku ce, in zubar in sake wankewa. Ban yi ba. Na ci gaba da rubutu a haka. Shafi na biyu ya fara ja daga tsakiya, zuwa ƙarshen na uku shuɗin ya ƙare.

Mai Kwalabe, tambaya ɗaya ta rage. A Rhodia ɗin sai na ƙirga kusan ashirin kafin layi ya bushe, na riga na shafe wuri biyu da gefen hannu duk da gargaɗin Malam Gardi. Takardar tsane tawada irin wadda Baba ke ajiyewa a cikin rajista, har yanzu ana samun ta a Kaduna, ko in yanka tsohon ɗankwali?